Sunan Mahaifi a Indiya: Abin da Masu Zama Cikin Jama'a Suka Gano Game da Tsarin Jati

Duk Bahaushen da ya tashi da kallon finafinan Indiya ya san Takur. Shi ne mai murɗaɗɗen gashin baki da ƙaton gida da gonaki, wanda talakawan ƙauye ke sunkuyar da kai in ya wuto. Mu a nan mun ɗauke shi sunan mugun fim ne kawai. Ba'indiye kuwa da ya ji an ce Thakur ya riga ya ji rabin labarin mutumin: ya san asalinsa na masu ƙasa ne da mayaƙa, ya san irin gidan da zai nemi aure, ya kuma iya ƙiyasta wanda ba zai taɓa zama kan kujera a gabansa ba. Haka in ya ji Sharma ko Iyer, ya san gidan malaman addinin Hindu ne. Gupta da Agarwal 'yan kasuwa ne, Yadav kuwa zuriyar makiyayan shanu ce. Shekaru fiye da sittin muna kallon waɗannan finafinai, tun daga silima irin ta da har zuwa na fassara da ake turawa a waya, amma wannan ɓangare na labarin, wato tsarin jati da ke jera mutane sama da ƙasa bisa haihuwa, yana wuce mu, domin a cikin sunan yake ɓoye, kuma masu shirya fim ba su cika son fito da shi fili ba.

Waɗanda suka fi kowa tono shi su ne masana ilimin nazarin al'umma da al'adunta, wanda Turawa ke kira antirofoloji. Hanyar aikinsu sananniya ce: mai bincike ya tattara kayansa ya tare cikin mutanen da yake son fahimta, shekara guda ko fiye, ya koyi harshensu, ya ci abin da suke ci, ya je bikinsu da makokinsu, ya saurari rigimar gona da ta gado, da dare ya zauna ya rubuta. Gani ya kori ji ke nan aka mayar da shi sana'a. Indiya kuwa tana cikin ƙasashen da wannan hanya ta fi nuna amfaninta, saboda akwai rata mai faɗi tsakanin abin da tsofaffin littattafanta ke cewa da abin da mutanenta ke yi.

A littafi, lamarin a tsare yake. Wata tsohuwar waƙar addini da ke cikin Rigveda ta ce an samar da mutane daga jikin wani halitta na farko: Brahmin, wato malaman addini, daga bakinsa, Kshatriya, sarakuna da mayaƙa, daga hannayensa, Vaishya, 'yan kasuwa da manoma, daga cinyoyinsa, Shudra, masu yi wa sauran hidima, daga ƙafafunsa. Waɗannan rukunoni huɗu su ake kira varna. A wajensu kuma akwai mutanen da ba a ma saka su a lissafin ba, masu jima da ɗauke mushe da sharar bayan gida, waɗanda aka ɗauka taɓa jikinsu ko shan ruwa a ƙoƙonsu na ɓata tsarkin mutum. Su ne a yau suke kiran kansu Dalit, ma'ana waɗanda aka murƙushe.

Da Turawan Ingila suka kama mulkin ƙasar, wannan bayani na littafi suka riƙa, don malaman Brahmin ne suka fassara musu shi. Daga 1871 suka fara ƙidayar jama'a, suna tambayar kowa rukuninsa. Herbert Risley, wanda ya jagoranci ƙidayar 1901, ya yi imani cewa bambancin na launin fata ne da jini, har ya riƙa auna faɗin hancin mutane yana cewa da shi za a gane matsayinsu. Ya kuma yi ƙoƙarin jera rukunonin daga sama zuwa ƙasa a rubuce. Nan fa takardun koke suka yi ta kwarara ofishin ƙidaya, kowace al'umma na kawo hujjar cewa kakanninta mayaƙa ne ko malamai, an dai rage mata daraja ne. Daga baya wasu masana, musamman Nicholas Dirks na Amurka, suka kafa hujja da wannan suka ce tsarin da ake gani yau, rabinsa aikin mulkin mallaka ne. A ganina akwai gaskiya a ciki, amma ba a kai ta inda ba ta kai ba. Wariyar ta girmi Bature da ɗaruruwan shekaru. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki abin da ke motsi, wanda ake jayayya a kansa gari-gari, ya zuba shi cikin rajista ya buga masa hatimi. Mu ma mun san irin wannan aiki, don Lugard da kansa a Madras aka haife shi, kuma jami'ansa sun cika kundaye da jerin ƙabilu da masarautu a ƙasarmu.

Mutumin da ya fi kowa karya wannan bayani na littafi Ba'indiye ne, M. N. Srinivas, wanda aka haifa a Mysore a 1916. Ya yi karatu a Bombay, sannan a Oxford a hannun manyan malaman fannin, Radcliffe-Brown da Evans-Pritchard. A farkon 1948, cikin makonnin da suka biyo bayan kisan Gandhi, ya koma wani ƙauye mai mutane kusan 1,500 a kusa da Mysore, wanda ya laƙaba wa suna Rampura don ya sakaya mutanensa. Mai garin ya ba shi masauki a ginin da ake ɗaure shanun noma. A nan ya shafe mafi yawan shekarar.

Abu na farko da ya gani shi ne babu wanda ke rayuwa da rukunoni huɗun nan. Abin da mutane suka sani shi ne jati, wato ƙaramar al'ummar da aka haife ka a cikinta, mai sunanta da sana'arta ta gado da dokokin cin abincinta, wadda a cikinta kawai ake aure. A wannan ƙauye ɗaya akwai jati kusan ashirin: manoma, makiyayan tumaki, maƙera, magina tukwane, wanzamai, masu wanki, masu matsar mai, masu kamun kifi, da Dalit a unguwarsu can gefe, ga kuma Musulmi. A faɗin ƙasar kuwa dubbai ne. Lokacin da hukumar binciken al'ummomi ta Indiya ta ƙaddamar da wani gagarumin aiki a 1985 a ƙarƙashin K. S. Singh, al'ummomi 4,635 ta lissafa. Mu'amalar da ke tsakanin waɗannan jati ta ginu ne a kan hidima da hatsi. Wanzami da maƙeri da mai wanki kowa na da gidajen manoman da ya gada, yana yi musu aiki duk shekara, in kaka ta yi a auna masa rabonsa a masussuka. Wanda ya san yadda wanzamin gida ke karɓar dami a ƙauyukanmu ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Abu na biyu ya fi girgiza masu riƙe da littafi. A Rampura ba Brahmin ke da gari ba. Ana girmama shi wajen ibada, ana kiransa ɗaurin aure, amma ƙasa da kuɗi da yawan jama'a suna hannun manoman Okkaliga, waɗanda a lissafin littafi Shudra ne, 'yan hidima. Su ne kusan rabin garin, mai gari nasu ne, su ke ba da bashi, su ke raba gardama, har ta cikin gidan wasu jati. Brahmin ɗin da ya saɓa wa mai gari ya san ba zai ji daɗi ba. Srinivas ya kira irin wannan al'umma jati mai rinjaye, kuma da aka duba sai aka ga kusan kowane yanki na da tasa: Jat a Haryana da yammacin Uttar Pradesh, Patidar a Gujarat, Maratha a Maharashtra, Reddy da Kamma a yankin masu harshen Telugu. Wanda ya riƙe waɗannan sunaye ya riƙe mabuɗin siyasar jihohin Indiya har gobe.

Na uku shi ne tsanin yana hawuwa, sai dai ba mutum ɗaya ke hawa ba, al'umma ce gaba ɗaya, kuma sai an yi zuriya biyu ko uku. Idan wata jati ta samu dukiya, sai ta fara kwaikwayon na sama: ta daina cin nama da shan giya, ta ɗauki Brahmin ya riƙa yi mata hidimar ibada, ta sauya suna, ta nemo labarin da zai haɗa ta da wani tsohon sarki. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Nadar a ƙasar Tamil. A ƙarni na 19 sana'arsu hawan giginya ce suna tatsar bammi, ana ƙyamarsu, ba a barinsu shiga manyan wuraren bauta. Suka shiga fatauci, suka gina makarantu da kuɗin ƙungiyarsu, suka ce su jinin sarakuna ne. A 1954 ɗansu K. Kamaraj ya zama babban ministan jihar Madras, wato shugaban gwamnatinta. Sai dai a lura, wanda ya hau tsani ta wannan hanya bai ce tsanin ƙarya ba ne. Ya yarda da shi, matakinsa kawai yake jayayya a kai.

Akwai wani abin tausayi a tarihin wannan bincike. A 1970 Srinivas yana wata cibiyar nazari a Stanford ta Amurka, ya kai duk rubuce-rubucen da ya tace na shekaru don ya fitar da littafin Rampura, sai aka cinna wa ginin wuta, suka ƙone. Littafin da ya fito a 1976 mafi yawansa daga ƙwaƙwalwa ya rubuto shi, shi ya sa ya sa masa suna mai ma'anar ƙauyen da aka tuna. A cikinsa ya amsa wani rauni da ya kamata duk mai karanta irin waɗannan ayyuka ya riƙe. Shi Brahmin ne, baƙon mai gari ne, don haka mutanen gari sun sa masa ido kada ya zubar da mutuncin asalinsa, kuma unguwar Dalit ba ta buɗe masa ciki ba. Ƙauyen da ya zana, ƙauye ne kamar yadda ake hango shi daga zauren masu gari. André Béteille ma, da ya yi nasa binciken a wani ƙauyen Thanjavur a farkon shekarun 1960, a layin 'yan Brahmin ya sauka, kuma ya faɗi yadda hakan ya taƙaita zirga-zirgarsa. A garin da aka raba rijiya, duk ƙofar da baƙo ya shiga ta rufe masa wata.

Shi ya sa nake ganin ba a yi wa B. R. Ambedkar adalci idan aka ambace shi a matsayin ɗan siyasa da lauya kawai. Shi ɗan jatin Mahar ne, ɗaya daga cikin jatin Dalit, wanda yana yaro a makaranta ba a barinsa ya taɓa randar ruwa. A 1916, shekarar da aka haifi Srinivas, ya gabatar da takarda a wani zaman nazarin antirofoloji a Jami'ar Columbia da ke New York, inda ya ce jigon tsarin gaba ɗaya shi ne hana aure a wajen jati. Sana'a na iya sauyawa, dokar abinci na iya sassautawa, amma muddin an tsare ƙofar aure, katangar na nan. Masana da dama sun bi wata hanyar. Bafaranshe Louis Dumont, a shahararren littafinsa na 1966, ya ce ginshiƙin shi ne aƙidar tsarki da ƙazanta, wadda a cewarsa na sama da na ƙasa duk sun yarda da ita. Masu sukarsa suka ce ya saurari Brahmin ne ya ɗauka Indiya ce ke magana, domin waɗanda suka zauna da Dalit sun ji tatsuniyoyinsu na asali, kuma da yawansu cewa suke yaudara ko tsautsayi ne ya jefa kakansu ƙasa. Shekaru ɗari bayan takardar Ambedkar, alƙaluma sun fi goyon bayansa, kamar yadda za mu gani.

Da aka samu 'yanci a 1947, shugabannin ƙasar irin su Nehru sun ɗauka makaranta da masana'anta da jirgin ƙasa za su narkar da jati. Tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairun 1950, wanda Ambedkar ya shugabanci kwamitin rubuta shi, ya haramta ƙyamar taɓa mutum a sashe na 17. Aka kuma ware gurabe a majalisa da makarantu da aikin gwamnati, wanda a matakin tarayya ya tsaya a kashi 15 cikin ɗari ga Dalit, kashi 7.5 ga ƙabilun asali da ake kira Adivasi. Ɗan Najeriya zai tuna da tsarinmu na raba daidai, sai dai namu da jiha ake auna shi, nasu da haihuwa. A 1990 firaminista V. P. Singh ya zartar da shawarar Hukumar Mandal, wadda ta ƙiyasta cewa jati na tsakiya da aka bari a baya sun kai kashi 52 na jama'a, ya ware musu kashi 27 na ayyukan gwamnatin tarayya. Ƙasar ta kama da wuta, har wasu ɗalibai 'yan manyan jati suka cinna wa jikinsu wuta a kan titi. Kotun ƙoli ta tabbatar da matakin a 1992, tare da sharaɗin kada jimillar guraben ta wuce rabi.

A nan ne lamarin ya juya ta inda masu hasashen narkewa ba su zata ba. Da can kowa na rubuta wa Risley koke cewa shi na sama ne. Yanzu sai ga manyan al'ummomi masu ƙasa suna tare hanya suna neman gwamnati ta rubuta su cikin waɗanda aka bari a baya. A watan Agustan 2015 dubban ɗaruruwan Patidar suka cika Ahmedabad a bayan wani matashi ɗan shekara 22, Hardik Patel. A Fabrairun 2016 'yan Jat suka tayar da tarzoma a Haryana, aka rasa rayuka kusan talatin, har suka datse magudanar da ke kai wa Delhi ruwa. Maratha ma sun yi shekaru suna irin wannan fafutuka. Mai kallo daga nesa zai ce haɗama ce. Waɗanda suka zauna a ƙauyukansu sun ga wani abu daban: gonar da kaka ya mallaka an raba ta tsakanin jikoki har ta koma ɗan fegi, noma ya daina riƙe gida, saurayi ya yi digiri ba aiki, iyayen 'yan mata kuma sun fi son mai albashin gwamnati. Ga ɗan wanda ya yi wa ubansa ƙodago ya zama jami'i. Mutum na iya kiran kansa jinin mayaƙa a wurin biki, washegari ya je ofis neman takardar shaidar cewa shi ɗan baya ne, kuma bai ga wani saɓani a ciki ba.

Ƙuri'a ma ta ba jati sabon aiki. Tun a shekarun 1950 Srinivas ya lura da yadda masu faɗa a ji ke tattara ƙuri'un mabiyansu su miƙa wa ɗan takara dunƙule, kamar ajiya a banki. Bayan Mandal sai na ƙasa suka fara riƙe ajiyarsu da kansu. Mulayam Singh Yadav a Uttar Pradesh da Lalu Prasad Yadav a Bihar sun hau mulki a kan ƙuri'un makiyaya da ƙawayensu. Kanshi Ram ya kafa jam'iyyar Dalit a 1984, kuma a 1995 Mayawati, 'yar jatin majema, ta zama babbar ministar Uttar Pradesh, jihar da ta fi kowace yawan jama'a, muƙamin da ta riƙe har sau huɗu. Wata mai bincike, Lucia Michelutti, da ta zauna da 'yan Yadav a Mathura, ta nuna yadda ƙananan al'ummomin makiyaya da a da ba sa ko auren juna suka dunƙule a ƙarƙashin suna ɗaya, suna cewa su zuriyar Krishna ne, wanda mabiya Hindu ke bauta wa, siyasa kuma a jininsu take. Jati da ke jere sama da ƙasa a cikin ƙauye ɗaya sun fara komawa ƙungiyoyi masu gogayya kafaɗa da kafaɗa a faɗin jiha, abin da ya fi kama da yadda ƙabila ke aiki a siyasar Afirka.

To, birni fa? Tun da aka buɗe tattalin arzikin ƙasar a 1991, a zamanin da Manmohan Singh ke ministan kuɗi, Bangalore da Hyderabad da Chennai suka cika da kamfanonin manhajar kwamfuta. A can ba mai tambayarka jatinka a bakin ƙofa, kowa na cin abinci a kanti ɗaya, kuma da yawan ma'aikatan za su rantse maka cewa wannan zance na ƙauye ne da 'yan siyasa. Masu binciken da suka shiga cikinsu, irin su Carol Upadhya a Bangalore, sun tarar mafi yawansu 'ya'yan manya da matsakaitan jati ne na birni, waɗanda iyayensu suka yi boko. Ajantha Subramanian, da ta yi nazarin babbar kwalejin fasaha ta Madras, ta bayyana yadda abin ke aiki. Gidan da ya yi zuriya uku yana karatu da Turanci ya riga ya juya asalinsa ya koma takardar shaida, don haka ɗansa na iya cewa shi da ƙwazonsa ya shigo, ba shi da wata jati. Wanda ya shigo ta gurbin da aka ware kuwa, dole ya riƙe takardar da ke ɗauke da sunan jatinsa, abokan karatu kuma na gane shi daga makin jarrabawarsa. Sai ya zama wanda tsarin ya fi amfana shi ne ya fi iya mantawa da shi. A 2007 Sukhadeo Thorat da Paul Attewell suka gwada kamfanoni masu zaman kansu da takardun neman aiki masu shaidar karatu iri ɗaya, suna kawai suka bambanta. Mai sunan babbar jati ya fi samun kira, mai sunan Dalit na biye, mai sunan Musulmi ne a ƙarshe. Abin har ya tsallaka teku: a 2023 birnin Seattle na Amurka ya kafa dokar hana wariyar jati, saboda koke-koken da ke fitowa daga cikin Indiyawan da ke aiki a can.

Amma inda maganar Ambedkar ta fi fitowa fili shi ne aure. Wani babban binciken gidaje da aka gudanar a faɗin ƙasar a 2011 zuwa 2012 ya gano cewa auren da aka ƙulla tsakanin jati biyu bai wuce kusan kashi 5 cikin ɗari ba, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen sun amsa da bakinsu cewa har yanzu suna nuna ƙyamar taɓawa ta wata fuska, galibi a kicin. Shafukan neman aure na jaridun Lahadi jati-jati ake jera su, na intanet ma haka. Injiniyar da ke aiki da kamfanin Amurka, wadda ke zaune ita kaɗai a Bangalore, in aure ya zo sau da yawa hoton ɗan jatinsu iyaye za su turo mata, ita kuma ta zaɓa a cikinsu. Soyayyar da ke tsallake katanga, wadda muke kallo a fim ana rawa a kan duwatsu, a wasu ƙauyukan Haryana da Tamil Nadu tana iya ƙarewa da gawa. Har yau akan samu angon Dalit da sai da rakiyar 'yan sanda zai hau doki zuwa gidan amarya, domin hawan doki a wurin wasu alama ce ta cewa ya manta matsayinsa.

Mata ne ke ɗaukar nauyin tsare wannan ƙofa, kuma sai da mata masu bincike irin su Irawati Karve da Leela Dube suka shigo fagen aka ba abin muhimmancin da ya dace. Jatin da ke son hawa sama takan fara da matanta: a janye su daga aikin gona, a hana bazawarar da mijinta ya mutu sake aure, a koma biyan dukiyar aure daga gidan amarya zuwa gidan ango. Bahaushe da ya saba namiji ke kai lefe da sadaki zai yi mamakin wannan. An haramta al'adar tun 1961, amma maimakon ta mutu sai ta bazu har cikin al'ummomin da a da ango ne ke biya, ta kuma koma babur da firiji da mota. Alƙaluman hukuma na nuna mata fiye da 6,000 na mutuwa duk shekara a rigingimun da suka shafe ta.

Wani ɓangaren da zai fi taɓa mai karatu Musulmi shi ne na 'yan'uwanmu na can, waɗanda ƙidayar 2011 ta ce su ne kashi 14.2 na jama'a, mutum miliyan 172. Addini bai san jati ba, sahu ɗaya ake tsayawa. Duk da haka binciken da Imtiaz Ahmad da abokansa suka tattara a shekarun 1970 ya nuna akwai Ashraf, masu danganta kansu da Larabawa da Farisawa da Turkawa da Pathan, akwai Ajlaf, zuriyar masu sana'a da suka musulunta, akwai kuma na can ƙasa masu shara da wanki, kuma aure bai cika haɗa su ba. Su ma suna da tasu hanyar hawa tsani: masaƙa suka koma kiran kansu Ansari, mahauta Kuraishi, wanzamai Salmani. Mazhabar Hanafiyya da suke bi tana lissafa nasaba da sana'a a cikin kafa'ar aure, saɓanin Malikiyyarmu da ta fi tsayawa a kan addini da lafiyar jiki, kuma hakan ya ba al'adar wurin fakewa. A 1998 aka kafa ƙungiyar Pasmanda a Bihar don neman haƙƙin Musulmin da aka bari a baya. Doka kuma ta ƙara musu wani ƙulli, domin gurbin Dalit na mabiya Hindu ne da Sikh da Buddha kawai, wanda ya musulunta ko ya zama Kirista ya rasa shi ko da sana'arsa da unguwarsa ba su sauya ba.

Kada mu yi saurin ɗaga hanci. M. G. Smith, da ya yi bincike a ƙasar Zazzau a wajajen 1950, ya rubuta yadda Hausawa ke bambanta sana'ar gado da ta shigege, da yadda ake jera masu sarauta da malamai da attajirai a sama, mahauta da maroƙa a ƙasa. Har yau akwai gidajen da in an zo neman aure sai an binciki asali, kuma kowa ya san abin da ake nufi. Bambancin dai babba ne: a wurinmu ba wanda inuwarsa ke ɓata alwala, kwano ɗaya ake sa hannu, ɗan mahauci in ya yi karatu yana jan salla, kuɗi da ilimi kuma kan goge asali cikin zuriya ɗaya. Kiran namu jati kuskure ne. Sai dai tambayar da masu binciken Indiya suka koya mana yi, wato wa ke auren wa, tana da amfani a Kano da Damagaram kamar yadda take da shi a Mysore.

Rigimar da ake ciki yanzu ta sake komawa kan ƙidaya, inda Risley ya baro ta. Rabon da a ƙirga dukkan jati a ƙidayar ƙasa tun 1931, don gwamnatocin bayan 'yanci sun ɗauka ƙirgawar na raya abin da ake son ya mutu, sai suka taƙaita ga Dalit da Adivasi. A Oktoban 2023 jihar Bihar ta fitar da nata lissafin: jati na baya sun haura kashi 63, Dalit kusan kashi 20, manyan jati kuwa kashi 15 da ɗoriya. Nan take aka fara tambayar yadda aka yi kaso mafi ƙanƙanta ya fi yawa a manyan kujeru. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar cewa za a saka tambayar jati a ƙidaya mai zuwa. Aikin ba zai zo da sauƙi ba. A 2011 an taɓa gwadawa a wani binciken tattalin arziki na daban, aka bar kowa ya faɗi jatinsa da bakinsa. Wani ya ba da sunan zuriya, wani na sana'a, wani na ɗariƙa, wani sabon sunan da al'ummarsa ta ɗauka shekaru talatin da suka wuce, wani kuma wanda yake ganin zai fi kai ɗansa ga aikin gwamnati. Turawa a 1931 jati 4,147 suka rubuta. Jami'an da suka tattara amsoshin 2011 sun tarar da sunaye daban-daban kusan miliyan 4.6, kuma har yau ba a fitar da wannan sakamakon ba.